Sarki Henry na Kilkenny: Sanda, Ƙauye da Kofuna Goma

Mutanen Ailan suna da wani wasa nasu na gargajiya da suke kira hurling. 'Yan wasa goma sha biyar ne a kowane ɓangare, kowa riƙe da sanda mai faɗin baki da aka sassaƙa daga itacen ash, suna bin wani ɗan ƙwallon fata da bai wuce cikin tafin hannu ba. Ana dukan sa a ƙasa, ana dukan sa a sama, ana cafke shi da hannu, ana kuma ɗora shi a bakin sanda a ruga da shi. Idan ya shiga raga maki uku ke nan, idan ya bi ta saman ƙarfen raga tsakanin dogayen turaku biyu, maki ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sakamako gida biyu: 2-10 na nufin biyu a raga da goma ta sama, jimla maki 16. Wanda aka fi kira da sarkin wannan wasa a zamaninmu shi ne Henry Shefflin, amma labarinsa ba ya fahimtuwa sai an koma can baya.

Daga almara zuwa dokar 1366

Tatsuniyoyin Ailan sun ce kafin wani babban yaƙi da aka yi a filin Mag Tuired, ƙabilu biyu, Fir Bolg da Tuatha Dé Danann, sun fara gwada ƙwanji da sanda da ƙwallo. Ana kuma ba da labarin wani yaro, Sétanta, wanda ya makara zuwa walimar wani maƙeri mai suna Culann. Karen gadin gidan ya taso masa, yaron ya dako ƙwallo da sandarsa ya shige maƙogwaron karen, ya mutu nan take. Wai sai yaron ya ce zai tsaya gadi a madadin karen, daga nan sunan Cú Chulainn ya bi shi. Waɗannan duk almara ce. Malaman coci ne suka rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake cewa sun faru. Abin da suke tabbatarwa kawai shi ne, a lokacin da aka rubuta su wasan ya riga ya zama ma'aunin jarumta.

Abin da ke rubuce a kundin mulki ya zo a 1366. A lokacin Turawan Ingila da suka zauna a Ailan sun fara narkewa cikin 'yan ƙasa, suna jin harshensu, suna auren 'ya'yansu. Lionel, ɗan Sarki Edward na Uku, ya tara majalisa ta kafa dokoki don raba su. Cikin abubuwan da aka haramta wa baƙin har da wannan wasa, aka ce su koma koyon harbin baka. Garin da majalisar ta zauna kuwa shi ne Kilkenny, wanda daga baya ya fi kowace gunduma cin kofin wasan da aka hana a cikinsa.

Ƙarni na 18 zuwa 1884

Dokar ba ta kashe wasan ba. A ƙarni na 18 ma manyan masu gonaki ne ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyi daga cikin talakawan da ke noma musu, ana karawa ana zuba kuɗin caca. Tawayen 1798 ya ɓata tsakanin masu gida da talakawa, masu gonaki suka janye hannu. Sai babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta biyo baya, bayan cuta ta cinye dankalin turawa. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi ƙaura. Ƙauyen da ya watse ba ya tara samarin wasa. A Kilkenny kanta, wasan kurket na Ingilishi ne ya cika filaye a wancan lokaci.

Ranar 1 ga Nuwamba 1884, wani malamin makaranta ɗan gundumar Clare, Michael Cusack, ya kira taro a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles. Nan aka kafa ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA, Maurice Davin ya zama shugabanta na farko. Ƙa'idoji biyu da ƙungiyar ta ginu a kansu su ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Na biyu, mutum yana buga wa kulob ɗin yankin cocinsu, idan ya yi fice a ɗauke shi ya wakilci gundumarsa. Babu ciniki, babu kasuwar 'yan wasa. Wanda ya san gasar kokawa ta takobi a Nijar, inda kowane gwarzo ke shiga fili da sunan jiharsa, zai gane irin zafin da wannan tsari ke haifarwa.

Kilkenny ta sha kashi a wasannin ƙarshe da dama kafin ta ci kofin ƙasa na kakar 1904. Daga nan zuwa 1913 ta ci bakwai. Ita da Cork da Tipperary suka zama manya uku. Christy Ring na Cork ya tara lambobin zakara takwas tsakanin 1941 da 1954, John Doyle na Tipperary ya kamo shi a 1965. Takwas ɗin nan ta zauna a matsayin iyaka shekaru da yawa. Noel Skehan, mai tsaron ragar Kilkenny, ya kai tara, amma uku daga ciki yana benci ya same su, shi ya sa masu gardama ba su sauke Ring da Doyle ba.

Ballyhale, 1972 zuwa 1998

A kudancin gundumar Kilkenny akwai wani ɗan ƙauye, Ballyhale. A 1972 ƙananan ƙungiyoyin yankin suka haɗe suka zama Ballyhale Shamrocks. Gida ɗaya, gidan Fennelly, ya ba kulob ɗin 'yan'uwa maza bakwai, kuma da su aka ci kofin kulob-kulob na ƙasa a 1981 da 1984 da 1990. Ɗan wannan ƙauye ne Henry Shefflin, wanda aka haifa ranar 11 ga Janairu 1979. Iyayensa suna da mashaya a garin, a bayanta akwai ɗakin wasan sukwash, inda yaron ke wuni yana dukan ƙwallo a bango yana tarewa. Ya tashi yana ganin zakarun ƙasa suna shiga gidansu suna fita, don haka cin kofi bai taɓa zame masa labarin nesa ba.

Ya yi sakandare a St Kieran's College, makarantar da ta yaye mafi yawan gwanayen Kilkenny. Ana cewa a farko malamai ba su ga wani abin a zo a gani a wurinsa ba, yaro ne mai nauyin jiki, ba shi da gudu. Ko yaya abin yake, bai ci kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara 18 ba. Jikinsa ya buɗe ne a makarantar kimiyya da fasaha ta Waterford, inda ya ci kofin Fitzgibbon na manyan makarantu.

A lokacin Kilkenny na cikin ƙunci. Bayan kofunan 1992 da 1993, ƙananan gundumomi suka karɓe fage: Offaly, Clare, Wexford, Clare kuma, sannan Offaly ta doke Kilkenny a wasan ƙarshe na 1998. A Nuwamban shekarar aka naɗa wani malamin firamare, Brian Cody, tsohon kyaftin ɗin 1982, ya zama koci. Cikin abubuwan da ya fara yi har da kiran Shefflin, yana ɗan shekara ashirin.

1999 zuwa 2005: koyo da faɗuwa

Wasan ƙarshe na farko da ya buga, a 1999, an yi shi cikin ruwan sama, Cork ta ci da maki ɗaya, 0-13 da 0-12. A 2000 suka huce a kan Offaly, 5-15 da 1-14, ya karɓi lambarsa ta farko kusa da D.J. Carey, tauraron wancan lokaci. Amma wasan da ya sauya ƙungiyar shi ne wanda suka faɗi a 2001, lokacin da Galway ta fi su ƙarfin jiki a wasan kusa da na ƙarshe, ta tattake su. Cody ya ɗauki darasi. Daga nan atisaye a filin Nowlan Park ya koma kamar wasan gaske, ba ya yawan busa usur, kuma suna ba ya saya wa kowa gurbi. Wanda ya fi zafi a atisaye shi ke bugawa ranar Lahadi.

Shefflin ya dace da wannan tsari fiye da kowa, kuma a ganina nan ne girmansa yake. Gwanin da ke cin maki yakan tsaya jiran a kawo masa. Shi kuwa shi ne mai bugun tazara, shi ne mai cafke ƙwallo a sama, kuma idan ƙwallo ya kuɓuce shi ne farkon mai bin ɗan baya yana tare masa sanda. Idan babban ɗan wasa na wannan wahala, ƙaramin ba shi da bakin ƙorafi. Sun ci Clare a 2002, aka zaɓe shi gwarzon shekara. Sun ci Cork a 2003. A 2004 sanda ta same shi a ido a karawa da Clare har aka yi masa aiki, mako guda bayan haka ya fito ya zura wa Waterford biyu a raga. Duk da haka Cork ta lallasa su a wasan ƙarshe, 0-17 da 0-9, a 2005 kuma Galway ta sake fitar da su.

2006 zuwa 2010: huɗu a jere, da ta biyar da ta ƙi

Cork ta zo 2006 tana neman kofi na uku a jere da salon gajeren miƙo da gudu. Kilkenny ta samo maganin: duk wanda ya riƙe ƙwallo, mutum biyu ko uku su rufe shi. Aka tashi 1-16 da 1-13, Shefflin ya sake zama gwarzon shekara. A Maris 2007 ya ci kofin kulob-kulob na ƙasa da Ballyhale, a Satumba kuma ya jagoranci gunduma a matsayin kyaftin suka doke Limerick. A wannan wasa jijiyar gwiwarsa ta tsinke, bai dawo bayan hutun rabin lokaci ba, da ɗingishi ya hau ya ɗaga kofin ƙasa, wato kofin Liam MacCarthy. Ya warke ya dawo a 2008, shekarar da suka yi wa Waterford 3-30 da 1-13, wasan da har yanzu ake kawowa misali idan ana maganar ƙungiya ta kai ƙololuwa.

Na 2009 ya fi kowanne tsauri. Tipperary ta fi su wasa, tana gaba da maki biyu saura 'yan mintoci, duk da an kori mata mutum ɗaya. Alƙalin wasa ya ba Kilkenny fenariti, wanda mutanen Tipperary har gobe suke cewa laifin a wajen da'ira aka yi shi. A dokar lokacin mutum uku ke tsayawa a bakin raga. Shefflin ya ɗaga ƙwallo ya ɗirka shi cikin raga, cikin minti guda Martin Comerford ya ƙara wani. Aka tashi 2-22 da 0-23. Kofi huɗu a jere ke nan, abin da Cork kaɗai ta taɓa yi, daga 1941 zuwa 1944.

A 2010 kowa na maganar na biyar. A wasan kusa da na ƙarshe da Cork, jijiyar gwiwa ta sake tsinke masa. Irin wannan rauni watanni yake ɗauka, wasan ƙarshe kuwa saura mako huɗu. Maimakon tiyata sai ya tafi wurin Ger Hartmann, masanin gashin jiki a Limerick, aka dinga ƙarfafa naman da ke kewaye da gwiwar. Da labari ya bazu cewa zai fito atisaye, dubban mutane suka cika Nowlan Park don su gani da idonsu. Cody ya sa shi a farkon wasa. Minti goma sha uku ya yi, gwiwar ta ƙi, aka fitar da shi. Lar Corbett ya zura uku, Tipperary ta ci 4-17 da 1-18, ta tsayar da nasarori 21 a jere. Za a iya cewa kasada ce da ba ta dace ba, kuma ni ma ina ganin Cody, wanda ba a san shi da bin zuciya ba, ya bi ta a ranar. Amma wa zai ce wa mutumin da bai taɓa rasa wasan gasa ba tun 1999 ya zauna?

2011 zuwa 2015: hawa na ƙarshe

Ya dawo a 2011 suka rama a kan Tipperary, 2-17 da 1-16. Lamba ta takwas, ya yi kafaɗa da Ring da Doyle.

Wasan da masana suka fi ɗauka a matsayin nasa na musamman bai ma ci shi ba. A 2012 Galway ta wulaƙanta Kilkenny a wasan ƙarshe na lardin Leinster, suka sake haɗuwa a na ƙasa. An tafi hutu Galway na gaba da maki biyar. Shefflin, yana da shekara 33, ya koma tsakiyar 'yan gaba ya ɗauki wasan a kansa, ya ci maki 12 cikin 19 na ƙungiyarsa. Daf da tashi, ana kunnen doki, suka sami fenariti. Mutumin da ya ɗirka na 2009 a raga sai ya ɗaga wannan ta sama ya karɓi maki ɗaya. Joe Canning ya farke da bugun tazara, aka tashi canjaras, karo na farko a wasan ƙarshe tun 1959. An yi ta muhawara kan wannan zaɓi. Masu kare shi suka ce da an tare, Galway za ta taso da ƙarfin gwiwa, maki ɗaya a hannu ya fi uku a rataye. A karawa ta biyu Kilkenny ta ci 3-22 da 3-11. Ya zama na farko da ya ci tara duk yana cikin fili, ya kuma karɓi kyautar gwarzon shekara karo na uku.

Daga nan jiki ya fara karɓar bashinsa. Raunin ƙafa ya cinye masa mafi yawan 2013, da ya dawo kuma aka kore shi da katin gargaɗi biyu a karawa da Cork a Thurles, hukuncin da aka soke daga baya, bayan an riga an fitar da su. A 2014 benci ya koma, tsarin da ya ɗaga shi bai yi masa alfarma ba. Wasan ƙarshe da Tipperary ya ƙare canjaras bayan na'urar Hawk-Eye ta nuna bugun ƙarshe na John O'Dwyer ya kauce kaɗan. A karawa ta biyu Kilkenny ta ci 2-17 da 2-14, Shefflin ya shigo daga benci a rabi na biyu. Lamba ta goma.

Abokan tafiyarsa, Tommy Walsh da J.J. Delaney da Brian Hogan, suka ajiye a wannan hunturu. Shi ya jira, domin Ballyhale na cikin gasa. Ranar 17 ga Maris 2015 suka doke Kilmallock a filin Croke Park, kofinsa na uku na kulob-kulob. Ranar 25 ga watan ya kira 'yan jarida a otal ɗin Langton da ke Kilkenny ya ce ya jingine sandar gunduma. Ya bar fage da kofin ƙasa 10, na Leinster 13, kyautar All-Star 11, da maki 565 a wasannin gasa 71, mafi yawa a tarihi a lokacin. Duk wannan ba da albashi ba. Ma'aikacin banki ne a lokacin, bayan bikin kofi yakan koma ofis.

Bayan 2015

Wata shida da tafiyarsa Kilkenny ta sake cin kofi, ta doke Galway. Wanda ya gaji bugun tazara, T.J. Reid, ɗan Ballyhale ne, shi ne kuma gwarzon shekarar. Aka ce ai ba a yi rashi ba. Amma wannan shi ne kofi na 36, kuma har kakar 2025 ba su ƙara ba. Sun faɗi a wasannin ƙarshe na 2016 da 2019 da 2022 da 2023.

Shefflin ya yi sharhi a gidan talabijin na RTÉ, sannan a ƙarshen 2017 ya karɓi horar da kulob ɗin ƙauyensu. Kaka biyu ya yi, ya ci kofin ƙasa sau biyu, a 2019 da 2020, da haɗin tsofaffi irin su Reid da Colin Fennelly da yara irin su Adrian Mullen da Eoin Cody, wanda Shefflin kawunsa ne. Mutane suka fara kallonsa a matsayin magajin Brian Cody. Kujerar dai ba ta da alamar faɗuwa, sai a Oktoba 2021 aka ji ya karɓi Galway. Ɗan wasa ba kasafai yake sauya gunduma ba, koci yana iya yi, amma ga mutanen Kilkenny abin ya yi nauyi. A Mayu 2022 Galway da Kilkenny suka haɗu a Salthill, Galway ta ci da bugun tazara na ƙarshe. Musabahar da malami da almajirinsa suka yi bayan wasa, Cody ya riƙe hannun yana kallonsa fuska a murtuke, ta fi wasan kansa yawo a jaridu. Cody ya rama a wasan ƙarshe na Leinster, ya sauka a Yulin shekarar da kofin ƙasa 11, aka ba Derek Lyng kujerar.

Galway ba ta yi wa Shefflin daɗi ba. A 2023 suna gab da ɗaukar kofin Leinster, Cillian Buckley na Kilkenny ya zura musu ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe. Limerick ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe shekara biyu a jere. A 2024 Dublin ta kore su tun a rukuni, ya ajiye aikin ba tare da babban kofi ba. Abin da ya yi aiki a Ballyhale, inda ya san kowane yaro tun yana rarrafe kuma kowa ya san gidan da ya fito, bai ɗauku zuwa wata gunduma ba.

Tarihinsa na maki ma bai daɗe ba. Joe Canning ya wuce shi a Yuli 2021, a wasansa na ƙarshe. Patrick Horgan na Cork ya wuce Canning a 2022, Reid ma ya wuce su Shefflin da Canning. Dalilin a fili yake: tun 2018 aka koma tsarin rukuni a larduna, wasanni suka ƙaru, ƙwallo na tafiya da nisa fiye da da, ƙungiya takan ci maki talatin ba a yi mamaki ba. Horgan, da duk makinsa, bai taɓa ɗaga kofin Liam MacCarthy ba. Tun bayan 2015, waɗanda suka fi tara lambobi su ne 'yan Limerick na John Kiely, da suka ci 2018 sannan suka jera huɗu daga 2020 zuwa 2023. Su ma sun nemi na biyar a jere a 2024, Cork ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, manyansu suka tsaya a lamba biyar biyar.